Laifin Hanya Ne, ko na Direba, ko Kwana Ne Ya Ƙare?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, kusan kowane mako ina kan hanya tsakanin Kano da Abuja. Wata biyu da suka wuce ƙanena ya rasu a hatsarin motar haya tsakanin Kaduna da Zariya, ya bar mata da yara uku. A wurin zaman makoki wasu suka ce lalacewar hanya ce, wasu suka ce gangancin direba ne, dattawa kuma suka ce kwana ne ya ƙare, a bar zancen. Malam, wanne ne gaskiya? Dokokin hanyar nan suna hana wani abu kuwa? Ni da nake fasinja kawai, akwai abin da zan iya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ina yi maka ta'aziyya. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Na daɗe ina aikin ceto a manyan hanyoyi kafin na koma koyar da direbobi, kuma da hannuna na sha rufe gawa a gefen kwalta da zanen wata fasinja ko buhun da aka zazzage. Tambayarka ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Dattawan da suka ce kwana ne ya ƙare ba su yi ƙarya ba, babu ran da ke fita sai ajalinsa ya yi. Sai dai wannan magana an tanade ta ne domin sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba sabulun wanke wanda ya jawo rashin ba ce. Addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mutum bisa kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Kuskure ke nan fa, balle ganganci. A 1993 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei, ta yanke cewa bin dokokin tuƙi wajibi ne a Shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Saboda haka don ka tambayi dalilin mutuwar ƙanenka ba ka yi jayayya da hukuncin Allah ba.

Masu ɗora laifi kan hanya su ma suna da hujja. Rami yana fasa taya, yana sa direba ya kauce ya faɗa hannun da ba nasa ba. Hanyar da kake bi an fara sake gina ta tun 2018, kuma duk inda aka haɗe masu zuwa da masu komawa a hannu ɗaya saboda aiki, wurin yakan zama mahallaka, domin tirela da ƙaramar mota suna fuskantar juna babu komai a tsakaninsu. Amma ga abin da idona ya gane mini: hatsarin da ya fi muni, wanda ba a fitar da kowa da rai, ya fi yawa a inda kwalta ta yi sumul. A hanya mai ramuka mota tana lalacewa, mutane su fito da rauni. A sabuwar kwalta direba yana taka totur har ƙasa, kuma idan aka yi karo sai dai a tattara.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti, suna nuna haka. A 2023 ta ƙirga haɗurra 10,617 da mamata 5,081. A 2024 haɗurran suka ragu zuwa 9,570, amma mamatan suka ƙaru zuwa 5,421, wato kusan mutum 15 kowace rana. Waɗannan kuwa su ne kaɗai aka rubuta. Wanda aka binne a ƙauyensu kafin la'asar, da wanda ya cika a gida bayan mako biyu, galibi ba sa shiga lissafi, shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kan Najeriya ya ninka wannan sau da yawa. Kuma shekara da shekaru, gudun wuce sa'a ne ke kan gaba a jerin dalilan da hukumar ke bayarwa.

Bari in tsaya kan gudu, domin a nan ne yawancin direbobinmu, har da waɗanda suka yi shekara talatin da sitiyari a hannu, suke da gurguwar fahimta. Motar da maleji ya nuna tana kan 100, wato kilomita 100 a awa, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga saniya ta shigo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka kan birki, mutum mai lafiya wanda ba ya jin barci yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya da rabi. A wannan ɗan tsakanin motar ta ci mita 40 da ɗoriya, birki bai ma fara aiki ba. Sannan tana buƙatar wajen mita 55 kafin ta tsaya cak, in har kwalta a bushe take, tayoyi kuma masu kyau ne. Jimilla kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo guda. To ɗauki wannan motar ka ɗora ta kan 140, gudun da ka san masu Sharon da Golf suna yi kullum. Yanzu tana buƙatar kusan mita 170. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a daidai wurin da mai gudun 100 ya riga ya tsaya ya tsira, mai gudun 140 yana kan wajen 110 duk da yana danne da birki. Da wannan gudun zai daki saniyar, ko bayan tirelar da ta lalace aka bar ta babu alama.

Dalili shi ne ƙarfin duka ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon ninkuwa yake yi sau huɗu. Karo a kan 50 daidai yake da faɗowa daga bene mai hawa uku. A kan 100 kuwa kamar daga sama da hawa goma ne. Jikin ɗan Adam iri ɗaya ne, na gwanin direba da na ɗan koyo, haƙarƙari da hanta da ƙwaƙwalwa ba su san shekarun da mutum ya yi yana tuƙi ba. Me ake samu a madadin wannan kasada? A tafiyar kilomita 100, wanda ya bi 120 ya riga wanda ya bi 100 isa da minti goma kacal, kuma sau da yawa a shingen bincike na gaba za su sake haɗuwa.

Wannan lissafi shi ne asalin dokar da ka tambaya ko tana da amfani. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas na haya iyakarsu 90 ko a tagwayen hanya. Tanka da tirela kuwa 60 ne ƙarshensu. Ba don a takura wa kowa aka zaɓi waɗannan lambobi ba, daga nisan tsayawa da juriyar jikin mutum aka ciro su. Haka bel: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Mu kuwa mun mayar da shi abin da ake yafawa a ƙirji idan an hango jami'ai, a saki da an wuce su.

Sai lodi. Motar da aka ƙera wa mutum biyar, a tasha za ka ga gaba biyu, baya huɗu, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, wani lokaci har a raɓa yaro kusa da direba. Nauyin nan yana ƙara nisan tsayawa, yana sa mota ta yi saurin kifewa a kwana, kuma taya ce ke shan wahalarsa. Yawancin motocin haya tayoyin gwanjo suke sawa, waɗanda suka gama aikinsu a wata ƙasa. Sai direba ya ce wa mai faci ya ƙara iska saboda kaya, a hau kwaltar bazara da tsakar rana ana gudun 130. Idan ta fashe, abin da ƙafa ke fara yi shi ne taka birki da ƙarfi, wanda shi ne ke sa motar ta wuntsila. Abin da ya kamata shi ne a riƙe sitiyari gam, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar motar ta rage gudu da kanta kafin a taɓa birki a hankali. Direba nawa aka taɓa koya wa haka? Da yawa daga karen mota suka zama direbobi, sun iya sarrafa mota ƙwarai, amma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin abin da ke faruwa da ita a kan gudu.

Mafi munin lodi shi ne ɗora mutane a kan tirelar shanu ko ta kaya, yadda 'yan cirani ke yi don rage kuɗin mota. A watan Satumba na 2024, a yankin Agaie na Jihar Neja, tankar mai ta yi karo da irin wannan mota mai ɗauke da mutane da shanu, aƙalla mutum 48 suka ƙone. Wanda ke zaune a kan kaya ba shi da bango, ba shi da rufi, ba shi da abin riƙewa.

Ba na son ka fita daga wannan amsa kana ganin direba a matsayin azzalumi kawai. Na zauna da su, na san lissafinsu. Mai mota yana jiran balas kowace rana, ko an samu ko ba a samu ba. Ga kuɗin tasha, ga ɗan kamasho, ga na goro a shingaye, ga man fetur da kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin da ya rage masa yana cikin fasinja na biyar da na shida, da kuma sawu na biyu da zai yi kafin dare. A hanyarku kuma akwai tsoron masu garkuwa da mutane, wanda ke sa kowa ya so ya wuce daji kafin magariba. Tsarin ne gaba ɗaya yake biyan mai gudu, yake cin tarar mai natsuwa. Daga nan sai gajiya ta shigo, a nemi goro da shayi mai kauri, wasu su zarce ga tiramol. Ƙwaya tana buɗe ido, amma ba ta mayar wa ƙwaƙwalwa barcin da ta rasa. A ƙarshen watan Mayun 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su isa gida, mutum fiye da 20 suka rasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta danganta abin da gajiyar tafiyar dare da kuma gudu. Mutumin da barci ya sace na daƙiƙa uku a kan 100 ya yi tafiyar mita 80 da wani abu babu direba a motar.

Dokar tana nan, aiwatarwa ce ta yi rauni. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, jihohi kuma suka kafa nasu, irin su KAROTA a Kano. A 2017 aka wajabta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, amma ka shiga mota goma ka ga nawa ne take aiki a cikinsu. Muddin direba ya san laifinsa zai mutu da 'yar takardar kuɗin da ya miƙa ta taga, tara ba za ta tsorata shi ba. Wannan gyaran na hukuma ne, kuma ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu a kansa.

Amma kai fasinja kana da iko fiye da yadda kake zato, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so ka riƙe. Ba na mantawa da wata baiwar Allah da muka ciro daga bas, ƙafarta a karye, mutum tara sun mutu a motar. A hanyar asibiti take ce mini tun da suka bar tasha gabanta ke faɗuwa saboda gudun, ta yi ta son ta yi magana, amma ta ga maza duk sun yi shiru sai ta ji kunya. Na tabbata kowane ɗaya daga cikin mazan nan shi ma jira yake wani ya fara. Mun saba da yaba wa mai gudu, a ce wane akwai hannu, jirgi ne. Wanda ya bi a hankali kuma a ce ko keke muka hau. Direba yana jin duk wannan, kuma da shi yake auna abin da fasinja ke so.

Ka yi magana da wuri, tun gudun bai zama jiki ba, kuma da ladabi, domin direban da aka ci wa fuska a gaban mutane ƙara wuta yake yi. Ka ce, direba don Allah a sassauta mana, duk muna da iyali, ba ma sauri. Sannan ka juya ga na kusa da kai ka ce, Alhaji ko ba haka ba? Da mutum biyu sun goyi bayanka an gama. In ya ɗauki waya yana tuƙi, ka ce ya ba ka ka amsa masa, domin mai waya a hannu ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin hatsari kusan sau huɗu. In ka ga yana lumshe ido ko motar tana cin layi, ku nemi a tsaya salla ko shan ruwa. In ya ƙi ji, ka sauka a gari na gaba. Na san kuɗin mota ba ƙarami ba ne yanzu, amma kai ka ga abin da gidanku ya biya.

Tun a tasha ma ake fara wannan. Ka shiga mota a inda ake rubuta sunayen fasinjoji da lambar wani nasu, ba a bakin titi ba. Ka zagaya ka dubi tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. 'Yan Rod Sefti suna ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. In ka ga ta suɗe ko ta tsattsage a gefe, jira ta gaba. Kada ka yarda da gaba biyu, domin ɗayanku ba shi da bel, kuma yana zaune ne a kan giyar mota. Ka fita bayan asuba maimakon ka bi dare. In da iyali kake tafiya, yaro a baya yake zama. Uwa tana ganin ta rungume jaririnta a kujerar gaba, amma a lokacin karo nauyinsa yana ninkuwa sau da yawa, babu hannun da zai iya riƙe shi.

Akwai kuma mutuwar da ke zuwa bayan hatsarin ya riga ya faru, wadda mu mutanen gefen hanya muke jawowa. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Faɗuwar ba ta kashe jama'a ba. Mutane ne suka fito da bokitai da jarkoki kwasar ganima, wuta ta tashi, waɗanda suka rasu suka haura 200. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, kan hanyar da kake bi, kusan mutum 100 suka tafi. A Yamai ma an yi irinsa a watan Mayun 2019 kusa da filin jirgin sama. Cikin mamatan 2024 da na ambata, hukumar ta ce 411 wajen ɗibar mai suka mutu. Na san talauci ne ke tura mutane, ba na musun haka. Amma abin da ba a sani ba shi ne tururin fetur ne ke kamawa, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da kwata ya yi nisa ba a ganinsa. Janareta, ko salansar babur, ko guntun sigari, ko ƙarfen bokiti da ya gogi kwalta ya isa. In motarku ta iske tanka a kwance, ku yi nisa da ita sosai, ta ɓangaren da iska ke fitowa, kada ku tsaya kallo.

In kuma kai ne ka fara isa wurin hatsari, abu na farko shi ne a tsayar da motocin da ke tahowa tun daga nesa, domin na sha ganin masu taimako sun zama gawa. A kashe injin motar, a kira lambar gaggawa ta 122 ko 112. Wanda jini ke zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, huhunsa yake tafiya. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ja shi ta hannu a cusa a adaidaita sahu, sai dai in wuta ake gudu. A sami mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a ɗora shi kan katako ko ƙofa. Mutane da yawa da ke kwance shekara da shekaru ba sa motsi, lakarsu a hannun masu ceto ta ƙarasa tsinkewa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka kada tsoron a ce sai an kawo takardar 'yan sanda ya hana ka kai mutum.

Game da iyalan marigayin, kada kunya ta sa ku bar haƙƙinsu. Ku nemi rahoton hatsarin a wurin 'yan sanda ko ofishin kiyaye haɗurra da ya kula da wurin, ku nemi takardar inshorar motar ta hannun shugabannin tashar da ta yi lodi. Inshorar dole da doka ta ɗora wa kowace mota an yi ta ne domin irin wannan rana, a biya wanda aka raunata ko magadan wanda ya mutu, amma mutanenmu kaɗan ne suke bin sawunta. Idan dangin direba ko mai motar suka zo neman yafiya, ku karɓe su hannu bibbiyu, sai dai kafin wani babba ya ce an yafe, ku zauna da malamin da ya san rabon gado. Diyya dukiyar magada ce, matarsa tana da kaso, yaran nan uku suna da nasu, kuma kason maraya ƙarami ba na baffansa ba ne balle ya bayar da shi kyauta.